Layin da Sista Ogochukwu Ke Karantawa

Litinin, 5 ga Mayu, ƙarfe 4:40 na yamma

Na sayi wannan littafi ne domin rubuta ayyukan ofis. Yau zan rubuta wani abu dabam a cikinsa, saboda ba ni da wanda zan gaya wa.

Da safiyar yau Dakta Nagoda, mai asibitin da nake wa aiki a nan Tudun Wada, ya dakatar da Sista Ogochukwu har sai kwamitin asibiti ya zauna ranar Laraba, 21 ga wata. Ita ce ungozomar da ke kula da awon masu ciki, shekara goma sha huɗu ke nan. Laifin da aka ɗora mata shi ne, Bahijja, matar Jamaluddeen tela da ke bayan layinmu, ta tsallake awo sau biyu alhali tana da hawan jini, kuma ba wanda ya bi sawunta. Ranar Alhamis da ta wuce aka kwashe ta ranga-ranga zuwa babban asibiti. Tana da rai. Sauran ba zan rubuta ba.

Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne. Ni ne mai kula da manhajar da ke aika wa masu ciki saƙon tes ana gobe ranar awonsu. Ban yi jami'a ba. Sa'ad da nake buga takardu a wani shago a unguwar Kongo, nan Zariya, na riƙa sayen ƙasidun da ɗalibai ke rabuwa da su bayan jarrabawa, na karance su ɗaya bayan ɗaya, wasu har sau uku. Abin da na sani ke nan, kuma ban taɓa ɓoye haka ba.

Dakta ya kira ni ofishinsa, ya yi mini tambaya ɗaya, na ba shi amsa ɗaya. Na sake auna amsar a hanyar gida, kalma bayan kalma, ban sami ƙarya a cikinta ba.

Talata, 6 ga Mayu, ƙarfe 6:50 na safe

Ina so in jera aikin da na yi cikin azumi, daki-daki, domin kada daga baya tunani ya ƙara ko ya rage.

Na ɗaya. A saman kowane fayil na manhaja akwai layukan da ake kira impot. Su ne ke kirawo kayan aikin da waɗansu mutane suka rubuta, kamar yadda magini ke aikawa a kawo masa cebur da ba shi ya ƙera ba. Guda talatin da ɗaya daga cikin namu sun tsufa, masu su sun yi sanarwar sun daina kula da su, nan gaba za su janye su. Na maye gurbinsu da sababbi. Na gwada kowanne. Babu kuskure a nan.

Na biyu. Manhaja tana rubuta duk abin da take yi, wannan rubutu shi ake kira log. Namu yana zuba ne a wani baƙin allo a kusurwar kwamfutar teburin karɓar kati, layi bisa layi, yini guda ba hutawa. Mataki uku ne da shi: bayani, gargaɗi, da kuskure. Tsofaffin impot ɗin nan sun cika shi da gargaɗi, ɗaruruwa a rana. Ƙasidata ta bakwai ta ce log mai yawan surutu da babu log duk ɗaya ne, na ma ja layi a ƙarƙashin wannan jimla tun da daɗewa. Saboda haka na umarci manhaja ta daina rubuta bayani da gargaɗi, ta bar kuskure kaɗai. Allon ya yi fes.

Na uku. Na gwada aika saƙo zuwa wayata, da ta matata Ishatu, da ta Dakta. Duka sun isa.

Aikin da aka ba ni shi na yi.

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe 1:15 na rana

Zafi. Hadari ya haɗu ya watse. Ban iya cin abincin da Ishatu ta ƙunso mini ba.

Alhamis, 8 ga Mayu, ƙarfe 5:30 na yamma

Yau ce da za a yi suna a gidan Jamaluddeen. Na bi ta ƙofarsa da safe. Ragon da ya ɗaure tun watan jiya ba ya nan, igiyar kawai ke jikin turke.

Tambayar da Dakta ya yi mini ranar Litinin ita ce: “Malam Kailani, saƙonnin Bahijja sun tafi ko ba su tafi ba?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, log bai nuna wani kuskure ba.”

Ya ce, “To shi ke nan.” Ya rubuta wani abu a takarda. Sista tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta cire hularta ta aiki ta riƙe a hannu. Ta dube ni ta gyaɗa kai, kamar mai cewa ai ita ma haka ta gani.

Log bai nuna kuskure ba. Wannan gaskiya ce.

Juma'a, 9 ga Mayu, bayan saukowa daga masallaci

Jamaluddeen yana sahun gabana. Ya rame ta wuya. Da aka sallame ya miƙo mini hannu, na yi masa ya mai jiki, ya ce da sauƙi, an ce wataƙila a sallame ta makon gobe. Wani dattijo da ke gefe ya ce ai duk sakacin matar nan ce ta asibiti, an ba su amanar 'ya'yan mutane suna wasa da ita. Wani ya ƙara wata magana game da ƙabilarta wadda ba zan sa a littafina ba. Jamaluddeen bai ce e ba, bai ce a'a ba, yana ta kallon takalmansa.

Ni kuwa na ce, “Allah Ya kyauta.” Abin da na ce ke nan. A Zariya aka haifi matar nan, Hausarta ta fi ta wasunmu kyau, kuma rabin yaran da ke guje-guje a harabar masallacin ita ta fara riƙe su a duniya.

Asabar, 10 ga Mayu, ƙarfe 11:00 na safe

Akwai abin da na tsallake a lissafin ranar Talata. Zan sa shi a matsayin na huɗu.

Kwana uku bayan na gama gyaran, na tarar da Sista a teburin kati tana kallon baƙin allon. Ta ce, “Injiniya, kai dai ka iya aiki.” Ita kaɗai ke kira na Injiniya, da tsokana ta fara har ya bi ni. Ta ce, “Da kullum sai na ga biyar ko shida sun faɗi. Yanzu kwana uku ko ɗaya babu. Ka hutar da ƙafafuna.”

Na ce, “Ai yin Allah ne, Sista.”

Ban tambaye ta mene ne ke faɗuwa ba. Ban tambaye ta me ya haɗa allon da ƙafafunta ba. Na ji daɗin yabon, na tafi da shi gida, har na maimaita wa Ishatu a wajen buɗa-baki.

Yau na buɗe fayil ɗin da ke aika saƙo na karanta shi tun daga sama. A layi na ɗari biyu da goma sha huɗu akwai umarnin da ke cewa, idan saƙo ya tafi amma bai shiga wayar mai shi ba, a rubuta: SAƘO BAI ISA BA, sannan lambar waya. Wanda ya fara rubuta manhajar, kafin ni, a matakin gargaɗi ya ajiye shi. Ba a matakin kuskure ba.

Na san da layin. Na gan shi cikin azumi. Na ɗauka ba mai karanta shi.

Lahadi, 11 ga Mayu, ƙarfe 8:20 na safe

Duba saƙon da ya faɗi ba ya cikin takardar ayyukan Sista. Ba ya cikin tawa. Ba wanda ya rubuta a ko'ina cewa wani yana karanta allon nan.

Litinin, 12 ga Mayu, ƙarfe 3:45 na yamma

Na isa asibiti kafin kowa na mayar da layin. Minti huɗu ya ɗauke ni. Na ajiye shi a matakin kuskure a wannan karo, na sa a riƙa rubuta shi da manyan baƙaƙe. A inda ake bayanin dalilin kowane gyara na rubuta “ƙaramin gyara a log.” Na goge, na sake rubuta shi haka ɗin dai.

Ƙarfe tara da kwata layi biyu suka fito a allon. Na tsaya ina kallonsu. Ma'aikaciyar da aka ɗora a madadin Sista, sabuwa ce daga Kaduna, ta jingina katunan marasa lafiya a jikin allon ta rufe layukan, ta ci gaba da kiran sunaye.

Na yi zaton idan na mayar da layin zan sami sauƙi. Layin ya dawo, mai karanta shi tana gida.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe 2:10 na rana

Kamfanin da muke aika saƙo ta hannunsu yana ajiye nasa bayanin na wata biyu. Jiya na sauke shi, na zauna da rajistar awo na bi su suna bayan suna da rula, sau biyu. Mata bakwai ne saƙonsu bai isa ba kuma ba su zo awo ba tun daga lokacin. Ban sa Bahijja a ciki ba. Da ita takwas. Nata biyun duka suna nan, kowanne da alamar bai isa ba.

Na kwafe bakwai ɗin a takarda, da unguwa da sunan miji. Biyu daga cikinsu akwai jan tambarin masu hatsari a katinsu, irin wanda ke kan na Bahijja.

Na kira lambobin daga wayata. Biyar a kashe. Ɗaya ta ce babu irin wannan lamba. Ta bakwai wani mutum ya ɗauka a cikin hayaniyar tasha ya ce shi bai san wata Rahma ba, jiya-jiya ya sayi layin.

Ba zan iya miƙa wa sabuwar ma'aikaciyar takardar nan ba sai ta tambaye ni daga ina. Ba zan iya kai wa Dakta ba sai ya haɗa ta da amsar da na ba shi. Takardar tana aljihun rigata na gaba. Na taɓa ta ya fi sau ashirin yau.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe 6:05 na yamma

Na hau acaɓa zuwa unguwar Kwangila bayan la'asar, gidan ɗaya daga cikin masu jan tambari. Na shirya maganar da zan yi tun a ofis, har na rubuta ta. Da na isa sai na ga BA A SHIGA da jan fenti a saman zaure, ga wani tsoho a kan benci yana ɓare gyaɗa. Na yi sallama, na tambayi maigidan. Ya ce ya tafi Fatakwal da mota, sai ƙarshen wata.

Ya ce, “Daga ina?”

Na ce daga asibiti.

“Likita ne kai?”

Na ce a'a, ni mai kula da kwamfuta ne.

Ya daina ɓarar gyaɗar. Ya dube ni daga hula har takalmi. Ya ce, “To malam mai kwamfuta, me ya haɗa ka da matar ɗana?”

Duk abin da na rubuta ya ɓace. Yaya namiji baƙo zai tsaya a ƙofar gidan mutane ya buɗe baki ya yi zancen cikin surukar wani? Na ce ina jin na yi ɓatan gida ne. Ya ce shi ma haka yake gani. Bai ci gaba da gyaɗarsa ba sai da na sha kwana.

Yanzu na gane abin da Sista take nufi da ƙafafunta. Tana kwafe lambobin da suka faɗi, in ta tashi aiki ta bi gidajen ɗaya-ɗaya, ta shiga har tsakar gida. Shekara nawa tana yi, ban sani ba. Ba wanda ya sa ta.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe 7:30 na safe

Saura kwana biyar kwamiti ya zauna. Jiya an yi ruwan farko. Ban fita na duba ba.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe 12:40 na rana

Ishatu ta tsinci takardar lokacin da za ta wanke rigar. Ta same ni a zaure ina goge tabarau, ta ce, “Malam, sunayen matan wa kake yawo da su a aljihu, har da kwatancen gida?” Da dariya ta faɗa, amma ba ta miƙo mini takardar ba.

Na gaya mata. Na fara daga impot, ta ce in bar wannan, in zo kan maganar. Na zo. Ta zauna a kan dakali.

Na ce mata ina neman alfarma ta shiga gidajen a madadina, ta ce musu su zo awo, ba sai ta faɗi wanda ya aiko ta ba.

Ta ce, “Zan shiga. Ko yau ka ce zan ɗauki mayafina. Amma in na tarar da mace ƙafarta ta kumbura me zan ce mata? Na san awo ne? Wadda ta sani tana zaune a gida, kuma kai ka zaunar da ita.”

Na ce ban yi ƙarya ba.

Ta ce, “Ban ce ka yi ba. Ranar da aka haifi 'yarmu Sumaiya, da jini ya ƙi tsayawa, kana waje kana jan carbi. Ka tuna wa ke ciki?”

Na ce in na faɗa, aikin nan ya ƙare. Dakta zai kawo mai digiri, kuma daidai ne ya kawo. Shekarata hamsin da ɗaya. Wa zai ɗauki mai ƙasidu?

Ta ninke takardar ta sa mini a tafin hannu. Ta ce, “Gobe Lahadi, ƙarfe ɗaya take dawowa daga coci.” Ta koma kan wankinta.

Lahadi, 18 ga Mayu, ƙarfe 5:50 na yamma

Na sami Sista a baranda tana tsintar wake a faranti, ba ta ko cire kayan coci ba. Ta ce, “Injiniya da kansa. Ko kwamfutar ce ta aiko ka ka duba ko na mutu?” Ta jawo mini kujera, ta kawo ruwa. Ta rame ita ma, amma ta yi ta tambayar Ishatu da Sumaiya.

Na ce, “Sista, saƙonnin ba su daina faɗuwa ba. Ni na hana allon faɗa miki.”

Ba ta gane ba da farko. Na yi bayani a hankali, gargaɗi da kuskure, da abin da na rufe. Hannunta yana cikin waken bai motsa ba.

Ta ce, “Ranar da na yi maka godiya fa?”

Na ce ranar ma suna faɗuwa.

“Ranar da Dakta ya tambaye ka ka sani?”

Na ce ban tabbatar ba. Sannan na ce, na yi zargi. Sannan na ce, na sani.

Na yi tsammanin za ta ɗaga murya, na ma fi son haka. Ta ce, “Kwana goma sha uku ina kwanciya ina tashi ina tambayar kaina ta ina na yi sake da yarinyar nan. Ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.” Daga nan ta ce in ba ta takardar.

Ta karanta da yatsa. Ba ta buƙaci kwatancen da na wahala na rubuta ba. “Wannan mijinta direba ne, wayar tana tafiya da shi. Wannan ba su da wuta tun da taransifomarsu ta ƙone. Wannan kunya gare ta, cikin fari ne, sai an je an jawo ta.” Da ta zo kan ta Kwangila ta tsaya. Ta ce, “Wannan watanta tara yanzu.” Ta ajiye farantin, ta shiga ɗaki, ta fito da abin awon jini a jaka da takalmin roba a ƙafa.

Na ce ai an dakatar da ita.

Ta ce, “Daga asibiti aka dakatar da ni, ba daga Kwangila ba.”

A bakin ƙofa ta juyo. “Malam Kailani.” Ba ta ce Injiniya ba. “Ni ba zan gaya wa Dakta ba. Bakinka ya faɗi waccan, shi zai faɗi wannan.”

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe 4:00 na yamma

Na shiga ofishin Dakta ƙarfe goma. Na ce masa tawadar firinta ta kusa ƙarewa. Ya ce a sayo. Na fito.

Talata, 20 ga Mayu, ƙarfe 1:30 na rana

Da safe na ga matar Kwangila a kan bencin awo, surukin nata na tsaye a waje. Ya gane ni. Ya ce, “Af, malam mai ɓatan gida.” An kwantar da ita nan take. Na ji ma'aikaciyar tana cewa da an ƙara kwana biyu da labari ya sha bamban.

Na buga takardu uku: layin yadda yake a da, umarnin da na rufe shi da shi cikin azumi, da bayanin kamfani mai nuna saƙonnin Bahijja. Na shiga ofishin Dakta ban ƙwanƙwasa ba, don kada in sami lokacin fasawa. Na ajiye su a gabansa na ce, “Ranka ya daɗe, amsar da na ba ka ranar biyar ga wata, na ba ka ita ne don ka fahimci abin da ba haka yake ba.”

Ya karanta duka ukun. Ya cire tabarau ya murza idanu. Ya tambaye ni sau biyu ko da gaske ne Sista tana bin gidaje. Na ce ta bi bakwai daga Lahadi zuwa jiya. Ya ce shekara goma sha huɗu suna aiki tare bai sani ba, kuma bai taɓa tambayar yadda aka yi matan ke cika benci ba.

Game da ni ya ce zai yi tunani. Ya ce in zo gaban kwamiti gobe in maimaita da bakina. Ya ce, “Kuskuren azumi kowa zai iya yi, Malam Kailani. Na ranar biyar ga wata ne ban san inda zan ajiye shi ba.”

Ni ma ban sani ba.

Laraba, 21 ga Mayu, ƙarfe 3:20 na yamma

Kwamiti ya wanke Sista. Minti ashirin aka yi. Na karanta abin da na rubuta, ba wanda ya taimake ni. An ce in ci gaba da aiki na wata uku a gani, kuma kada in sake taɓa log sai na zauna da masu amfani da shi.

Dakta ya ba ta haƙuri a gaban kowa, ya ce ta dawo Litinin. Ta yi godiya. Sannan ta ce ba ta sani ba tukuna.

Ta ce, “Cikin gidaje bakwai ɗin nan, biyu ba su bar ni na wuce zaure ba. Wata tsohuwa ta ce mini su ba sa son abin da ya sami Bahijja ya sami tasu. Ku mutum biyar ne a ɗakin nan, Dakta. Ku kun ji. Tudun Wada ba ta ji ba. Ungozomar da ba a buɗe wa ƙofa, me za ta dawo ta yi?”

Ba ni ta kalla ba da ta faɗi haka. Ba ta buƙatar kallona.

Alhamis, 22 ga Mayu, ƙarfe 6:15 na yamma

Na je shagon Jamaluddeen bayan la'asar, lokacin da na san majalisa ta cika a bencin ƙofarsa. Dattijon ranar Juma'a yana nan, da wasu huɗu. Na gaishe su. Na ƙi zama. Jamaluddeen yana kan keke yana ɗinka hannun riga, tef a rataye a wuyansa. An sallamo Bahijja shekaranjiya, tana gidan iyayenta.

Na ce ina da magana, kuma ina so kowa ya ji. Ban ambaci impot ba. Na ce akwai saƙo biyu da asibiti ya aika wa iyalinsa ba su isa ba. Na ce akwai hanyar da Sista ke gane saƙon da bai isa ba ta je gidan da ƙafarta, ni na toshe hanyar ba tare da na tambaye ta ba, kuma da aka tambaye ni na yi shiru aka ɗora mata. Na ce duk wanda ya ji an zage ta ya sani ni ya kamata a zaga.

Keken ya tsaya. Dattijon ya buɗe baki, Jamaluddeen ya ɗaga masa hannu.

Jamaluddeen ya ce, “Malam, wace lamba aka aika wa?”

Na ciro takardar na karanta masa. Ya sa na sake karanta huɗun ƙarshe.

Ya daɗe yana kallon allurar keken. Ya ce, “Tsohon layina ne. Wayar ta faɗi a kasuwa kafin azumi, na sayi wani. Bahijja ta ce in kai musu sabuwar lambar. Sau uku tana tuna mini. Na ce bayan sallah, ɗinki ya yi yawa.” Ya shafa fuskarsa da tafi biyu. “Da aka fara cewa matar nan ce, na ji ana faɗa na yi shiru. Na san da lambar. Na yi shiru.”

Dattijon ya sauke kai yana gyara zaman hularsa.

Jamaluddeen ya cire tef daga wuya ya ɗora a kan keke, ya bar rigar da allura a jikinta. Ya ce wa dattijon, “Baba, tashi mu je, da kai za a yi.” Sannan ya juyo gare ni.

“Ka san gidan Sista?”

Na ce na sani.